Allon Aji Shida Ya Yi Furfura

Zuwa ga jikana, maigidan da ya gudu ya bar ni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Babarka ta warke, har ta koma kan keken ɗinkinta.

Maganar ƙanwarka Auta ce ta sa na ɗauki biro. An yi musu gwajin lissafi, ta ci sha biyu cikin ɗari. Babanka ya ce tunda kanta ba ya ja, ta zauna ta koyi ɗinki, ba ita ba jarrabawar shiga sakandare. Kwana biyu yarinyar nan ba ta yi mini tsiwa ba, ka san abin ya kai.

Aji huɗu na tsaya, amma na ce a miƙo mini littafin. Na bi shi da yatsu, lissafinta daidai yake! Da na aro na 'yar maƙwabta, sai na ga inda malam ya rubuta takwas, Auta uku ta kwafa. Washegari na ja sandata har ajin. Yara tamanin da ɗoriya, ita can ƙurya, allon kuwa ya koɗe ya yi fari fat, ya fi ni furfura. Farin alli a kan farin allo, ai sai dai canke.

Na tsaya a bakin ƙofa, zamaninmu ya dawo mini. A ɗakin nan na zauna, lokacin nan ne aji huɗu, mu ashirin da biyar, kowa da bencinsa. Duk ƙarshen mako mu daka gawayi, mu kwaɓa da ruwan ganye, mu murje allo sai ya yi baƙi wuluk, mu koma gida kamar maƙera, a yi mana faɗa muna dariya. Hedimasta ya ce sau uku yana rubuta neman fenti, shiru. Na ce masa to, ɗan nan, matsa ka ba tsofaffin ɗalibai wuri. Na kwaso ƙawayena biyu da suka rage, muka kwaɓa gawayi.

Malam ya sake gwajin, Auta ta ci saba'in da ɗaya. Babanka ya janye maganarsa, wai ai kansa ta gado. Ban faɗa wa Auta ƙwayayen sifirin da shi ya riƙa kawo mini daga aji uku ba. Sai dai gawayi mako guda yake yi, jarrabawa saura wata biyu, bayana kuma ba na da ba ne. Ka aiko da gwangwanin baƙin fenti, ba turaren da kake yaudarata da shi ba.

Ka gaishe mini da amaryarka, da kawunka direba, da ɗan jaririn da aka ce ya kwaso hancina, Allah ya ba shi haƙuri.

Kakarka, wadda har yau baƙin bai fita a farcenta ba.