Wai Aurena Na Takarda Ne

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya gida? Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Yaya maigidanki da yara? Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau.

Gara ku ji daga bakina: an hana ni takardar zama, wai aurena da Malam na neman takarda ne kawai. Matar da ta yi mana tambayoyi a ofishin shige da fice ta ce in faɗi sunan mijina, na sunkuyar da kai na ce "Malam". Ya miƙo hannu zai riƙe nawa, na janye. A gaban baƙuwa fa! Da ta duba hotunan ɗaurin aure ta ga maza zalla a ƙofar gidanmu, sai ta ce, "Ina amaryar?"

Ni ko a jikina, Yaya. Lauyarmu ta ɗaukaka ƙara. Maƙwabciyarmu Hajiya Ramatu, 'yar Gana, ta ce za ta ba da shaida, don har faɗanmu kan yawan yaji a miya tana ji ta bango. Ki turo min hotunan ƙunshi da na buɗar kai.

Ki gai da Baba da Kawu Sani, a sa mu a addu'a. Akwai kuma abin da kunya ta hana ni gaya wa matar: watana biyar. Ke ki faɗa wa Inna. Kafin su sake kiranmu, in sha Allahu babban mai shaidata yana goye a bayana.

Ƙanwarki,
Balkisa