Wankan Jegon Uwata Bai Mai da Ni Baƙo Ba

Zuwa ga Mai girma Kumandan, shugaban rabon cimaka na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne daga wani ƙauye na Kanan-Bakashe, mai ciyar da baki tara. Na kawo kuka, kuma ban zo da kame-kame ba.

Na ɗaya. Ranar kasuwar da ta wuce aka raba hatsin agaji da irin shuka. Na tsaya a layi tun hantsi har la'asar. Da aka zo kaina, magatakarda ya duba takardata, ya ga an rubuta wurin haihuwata wani gari na ƙasar Katsina, a hayin iyaka. Nan take ya ja wa sunana layi, wai ni baƙon haure ne da fari ya koro. Na koma gida da buhu a naɗe, a gaban surukaina. Na ji kunya ƙwarai.

Na biyu. Ranka ya daɗe, ni ɗan fari ne. Kowa ya san mace gidan iyayenta take zuwa haihuwar fari. Uwata 'yar hayin iyaka ce, sai ta tafi can goyon ciki, ta haife ni, ta gama wankan jego, aka goyo ni zuwa gidan ubana. Kwana arba'in na yi a waccan ƙasa, ko haƙori ban fitar ba. Ban san an ba jariri zaɓin inda za a yanke masa cibi ba. Ƙannena uku, uwa ɗaya uba ɗaya, duk sun karɓi tiyarsu ta hatsi don a nan aka haife su. Ashe gida ɗaya, ƙane ɗan ƙasa, wa kuwa baƙo?

Na uku. Ban ƙi a tace ba. Hatsi kaɗan ne, mabuƙata da yawa, kuma hukumar soja ta ce ba sani ba sabo. Na yarda. Amma tacewa da tambaya ake yin ta. Mai garinmu yana zaune a wurin, ba a ko waiwaye shi ba. Gonata ta kakana ce, kabarin ubana na bayan gari.

Roƙona biyu ne. A kira mai gari da liman su ba da shaida, a mai da sunana. Sannan a binciki sauran 'ya'yan fari da aka soke, don ba ni kaɗai ba ne.

A hanzarta, ranka ya daɗe. Mun cinye irin da muka ɓoye, ga hadari ya fara haɗuwa gabas. In ruwa ya sauka ban da abin shukawa, dole in kwashi iyalina mu tsallaka iyaka neman abinci, ba takarda ba izini. Ranar ce zan zama baƙon haure na gaske, kuma alƙalamin ƙasata ne ya mai da ni.

Allah ya ƙara maka adalci da lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.
Sa'idu manomi.