Tukwanen da ke Saman Dekin

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ƙalau nake, sai ɓacin ran da kika aiko mini.

Mutanen da kika turo duba gida sun zo. Ko ruwan da na kawo musu ba su sha ba, suka hau zane mini ginshiƙai da alli kamar 'yan makaranta. Ɗaya ya fasa ginshiƙin baranda har rodi ya fito, ya maƙala masa waya, ɗayan yana bin bango da jiƙaƙƙen soso yana kallon na'ura. Wai tsatsa suke aunawa a cikin kankare. Sun ce ruwa ke cin rodi, ga su kuma da hannunsu suna jiƙa mini bango. Wannan wane irin karatu ne?

Abin da ya fi ƙona mini rai, babbansu ya hau saman dekin, wato rufin kankare, ya ga tukwanen shukar marigayiya mahaifiyarki, ya ce a sauke. Wai ban-ruwan da nake yi ne ke ratsa dekin, rodi ya kumbura ya tsaga siminti. Ita ta jera su da hannunta, kowace tana inda ta bar ta. Ke ko sau ɗaya ba ki taɓa zuba musu ruwa ba. Ba zan sauke ba. Su zo su cire wayoyin da suka binne mini a bango.

Ki gaida kowa.
Babanki

'Yata,

Ina gaishe ki. Ya jikin autarki? Allah ya sa tarin ya sake ta.

Sun dawo duba wayoyinsu, sun ce tsatsa ta ƙaru, na ce su ƙara gaba. Shekaranjiya kuwa wani ɓangaren siminti ya ɓallo daga rufin ɗakin baƙi, ya faɗa daidai kan filon da autarki ke sa kai in kun zo hutu. Na taɓa rodin, ja wur, yana marmashewa a hannu.

Kada ki ce mini na'urarsu ta yi gaskiya, ban tambaye ki ba. Tukwanen dai sun sauko tsakar gida. Leburorin da kika turo na kore su, ba su san wadda ke son inuwa ba. Ni na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na jera yadda ta jera. Bayana har yanzu bai miƙe ba, kuma laifinki ne.

Masu gyara su zo kafin hutun yara. Amma mai soson nan kada ya raɓi tukwanen. Ki aiko mini man zafi.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.
Babanki