Hannuwan da ka ce in fasa

Assalamu alaikum, Maigida.

Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Amma da kana raye ma ba ka barina in kai ƙarshen magana, to yau sai na kai.

Labarin gida ba daɗi. Council, hukumar da ta ba mu haya, sun ce gidanmu na Balsall Heath a nan Birmingham ya yi wa mutum ɗaya yawa. 'Yarmu Mariya ta ce in tattara in koma wajenta a Rusholme, can Manchester. Mijinta, Bakanon nan mai karatu a jami'a, ya ba ni ɗaki, ya kuma roƙe ni cikin ladabi kada in shigo masa da siffa gida. Ka san abin da yake nufi: hannuwan nan biyu na farin siminti da ke ƙasan gadonmu.

Ka tuna yadda suka samu? Ɓarayin ƙarfe suka sace mutum-mutumin sojan da wani ƙauye a bayan Birmingham ya kafa don tunawa da 'ya'yansa da yaƙi ya ci. Mutanen ƙauyen suka zo maƙerar da kake aiki neman a zuba musu sabo, aka ce ai ga mutumin Kumasi da ya gaji zubin tagulla. Fuskar ka ɗauko ta daga tsohon hoto, ta wani saurayin Bature. Amma hoton bai nuna hannuwa ba. Sai ka tsayar da ɗanmu na fari a kicin, ka ba shi sandar goge-goge ya dafa kamar bindiga, ka kwafi hannuwansa da farin siminti har da ƙaramin yatsan da ya karye a wajen ƙwallo ya warke a karkace. Yana ta dariya, ni ina faɗan kun ɓata min tebur.

Daga baya ya shiga soja. Ka ce kai ka ja masa, tun ranar da ka koya masa tsayuwar. Ni ban taɓa cewa haka ba, amma ban ce maka a'a ba, kuma na san shirun nan ya ci ka.

Daga Iraki a akwati rufaffe suka kawo shi. Ba a buɗe ba, ba a yi masa wanka ba, ba wanda ya ga ko farcensa. Me muka binne, Maigida? Har yau ban sani ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, tsoro ɗaya ya hana ka sakat: ranar lahira za a ce wa mai yin siffa ya hura mata rai. Mutum-mutumin ƙauyen ya fi ƙarfinka, sai ka sa na yi alkawarin fasa na ƙasan gado. Na ɗaga kai don ka samu ka yi barci.

Ga abin da ba ka sani ba. Ina zuwa ƙauyen nan. Bas biyu nake shiga, in sauka gaban cocinsu. A watan Nuwamba sukan jera jajayen furannin takarda a ƙafar mutum-mutumin, su karanta sunayen nasu, babu na ɗana a ciki. Ina jira su watse. Sannan in hau matakalar in kama hannun hagun, mai karkataccen yatsa. Sanyi gare shi kamar ƙanƙara, tsuntsaye sun ɓata shi, nakan goge da bakin mayafina. Wata tsohuwa ta taɓa ganina, ta sunkuyar da kai ta wuce.

Kai shaida ne, kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunansa. Ko ranar da ya fara makaranta kai ka riƙe hannunsa, ni ina baya. Ranar da zai tafi ya miƙo min hannu a tashar jirgin ƙasa, na ce ya je Allah ya tsare, na gyara ɗankwalina. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi. Me kunyar ta tsinana min? Baƙin cikin nan ya fi na mutuwarka, ka yi haƙuri, gaskiya ce.

Manchester ta yi nisa da ƙauyen, gwiwoyina kuma sun gaji. In na koma can ban da na ƙasan gado, na rasa shi gaba ɗaya. Jiya na fito da su, na ɗauko gudumarka, na zauna har shayina ya huce. Na mayar da gudumar.

Ba zan fasa ba. In surukinka ya ƙi, a nema min ɗaki ko na haya ne. Kullum ina roƙon Allah ya yafe maka, ya ɗora min nauyin alkawarin. In kuma ranar ta zo aka ce ka hura musu rai, kada ka ji tsoro, ka sa a kira ni in tsaya kusa. Ni abin da nake jira ke nan.

Allah ya haskaka kabarinka.

Matarka,
uwar Habibu.