Harufan da Ka Yi Ta Ƙara wa Girma

Zuwa gare ka Injiniyana, inuwata da tsakar rana, ruwan randata lokacin zafi, mai tayar da abin da kowa ya ce ya mutu, mutumin da zuciyata ta zaɓa tun ba ta san dalili ba, kuma har yau ba ta yi da-na-sani ba.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda take kwana ɗaki ɗaya da kai amma take kewarka kamar ka yi doguwar tafiya. Dubi abin da ka mayar da ni: matar aure tana rubuta wa mijinta wasiƙa, alhali takalmansa suna bakin ƙofarta. To yaya zan yi? Tun ranar da muka dawo daga wurin likitan ido ka zama baƙo a gidanka. Ka fita kafin shayi ya tafasa, ka dawo ka ci abinci kanka a sunkuye, in na yi magana ka ce "to", in na yi shiru ka ce "sannu". Shekaranjiya kuma na ji ka a waya kana roƙon Auta ƙanwata ta raka ni asibiti ranar da za a yi mini aiki, wai kai aiki ya yi maka yawa a shago. Wane aiki, masoyina? Wace kwamfuta ce a garin nan ta fi ni bukatar hannunka?

Ka tuna ranar da na fara shiga shagon nan naka, rungume da tsohuwar kwamfutata kamar mai kai jariri asibiti? Ka buɗe burauzar da nake shiga intanet da ita, tallace-tallace suka yi ta faɗowa ta ko'ina, ka riƙe haɓa ka ce, "Baiwar Allah, wannan ai kasuwa ce, kowa ya zo ya kafa rumfarsa." Ka share, ka goge, ka sa mini wata, sannan ka tsare ni da wa'azi a kan wace manhaja ce ke cin batir, wace ce ke leƙen asirin mutum, da dalilin da ya sa tsarin da ke kan kwamfutarka ya fi na kowa. Maƙwabcinka mai gyaran waya ya leƙo ya ce ƙarya kake yi, kuka kaure da musu kamar masu gardamar ƙwallo, kuka manta da ni a kan benci. Ban fahimci ko rabin abin da kuka faɗa ba. Hannunka kawai nake kallo, yadda yake riƙe ƙaramin sukudireba kamar yana tsoron ya ji wa ƙarfe ciwo. Bayan nan na yi ta dawowa da ƙorafin da babu shi, kai kuma ka yi ta gyara abin da bai lalace ba, har iyaye suka shiga maganar.

Har yau ban damu da wace burauza ce ta fi wata ba, kai ma ka sani. Ku masana kuna ganin burauza kamar mota, kuna zancen gudu da inji. Ni a wurina ƙofar wurin aikina ce. In na share falo na zauna a teburin nan na kusa da taga, na buɗe ta, na isa ofis ke nan: shafin da nake amsa saƙonnin masu sayen kayan gida a kantin intanet ɗin da nake yi wa aiki, shafin kaya, shafin masu kai kaya. A cikinta nake ba mai tukunyar da ta iso a lotse haƙuri, a cikinta nake karanta labarai, a cikinta nake duba maganin tari in Hajiyarka ta kira. Abin da nake roƙonta kawai shi ne in same ta yau yadda na bar ta jiya. Shi ya sa duk ranar da na ga wani abu ya canza nake yi wa masu ƙera ta ruwan faɗa, mutanen da ba su san ina duniya ba. Ranar da 'yar kibiyar nuni ta fuskar kwamfutar ta zama ƙatuwa, baƙa wuluk, na ce maka waɗannan mutane ba su da aikin yi. Ka ce, "Sabuntawa ce ta zo da shi, haka suke yi yanzu." Ko dariya ba ka yi ba, maƙaryacina mai tausayi.

Da Auta ba ta zo hutu ba, da ban san ranar da zan gane ba. Ta zauna a teburina za ta duba sakamakon jarrabawarta, sai ta fashe da dariya ta ce, "Yaya, wannan rubutu ne ko allon talla? Ai daga bakin titi ma a karanta." Ta danna wani abu ta ce ta mayar da shi daidai, yadda kowa yake gani. Na sunkuya na duba. Masoyina, tururuwa na gani an zuba a kan farin faranti. Na murza ido, na matso, na ja baya, ko sunana ban iya fitarwa ba. Auta ta daina dariya. Ta buɗe shafin kaya, shi ma an ƙara masa girma. Ta buɗe na labarai, haka. Ta ɗauki wayata, haka. Ita ta gaya mini cewa burauzar nan kowane shafi daban take riƙe masa girmansa, don haka wanda ya yi wannan aiki bi ya yi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba rana ɗaya ya yi shi ba.

A nan na jawo kujera. Na zauna ina ganinka a zuciyata: da safe ina banɗaki ina wanka, kai kana tsaye a teburina da jakar aikinka a kafaɗa, kana ƙara wa harufa girma kaɗan, daidai yadda ba zan lura ba. Ka ga na fara tsuke ido, ka ƙara. Wata ya wuce na fara matso da kujera, ka sake ƙarawa. Lokacin da kantinmu ya koma sabon shafi, ka riga ni isa can. Sai sauran abubuwa suka yi ta zuwa mini: ƙwan fitilar kicin da ka canza ka ce tsohon ya ƙone, farin fentin da ka shafa a bakin matakala ka ce ado ne, allurar da nake tararwa kullum da zare a cikinta ina cewa ni na bar ta haka. Wace mace ce aka taɓa so irin wannan so, a ɓoye, ba a neman ko na gode? Ruwan sama ma in zai shayar da ƙasa sai ya yi tsawa an san da zuwansa.

Na san dalilinka, ba sai ka sake faɗa ba. Kai ka ga yadda na yi jinyar Innarmu bayan idonta ya tafi, ka ga yadda nake juya kai in an ambaci asibitin ido. Ka ɗauka shekaru ne suka fara aikinsu, abin da tabarau zai gyara duk ranar da na shirya, ka ce bari ka saya mini kwanciyar hankali kafin nan. Ina za ka san suga ne yake cin jijiyoyin idon a hankali, ni da nake ɗauke da shi ban sani ba? Da muka je asibiti, likita ya duba ya ce idon dama za a yi masa aiki kuma yana da kyakkyawan zato, na hagu kuwa ba zai yi alkawari ba. Sannan ya ce, ba tare da ya san wuƙar da ya zare ba, "Da kun zo da wuri, da abin bai kai haka ba." Na ji hannunka ya saki nawa. Da muka dawo gida Gwaggo ta zo dubiya, Auta ta ba ta labari, ta tafa hannu ta ce, "Garin neman gira an rasa ido." Kana bakin ƙofa ka ji. Tun daga ranar ba ka ƙara taɓa kwamfutata ba, ba ka ƙara kallona ido cikin ido ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, don an yi ƙaryar alheri a gidan nan ta ishe mu. Na yi fushi. Na yi kuka a kicin, na ce me ya sa bai kama hannuna ya ja ni asibiti ina ihu ba? Da ka faɗa mini, da na yi maka rashin kunya kwana biyu, da na bi ka. Wannan gaskiya ce, kuma za ka ɗauke ta yadda nake ɗauke da tawa. Amma fushin nan ya zo ya wuce, abin da ya bari a baya kuwa so ne, ya ma fi na da nauyi. Ba kai ka sa mini suga a jini ba. Kai mai gyara ne, ka ga abu yana wahalar da matarka, ka gyara ta inda hannunka ya iya kaiwa. Hukuncin da kake yanke wa kanka kuma, a kaina yake sauka. Kana ganin ka janye ne don ba ka cancanci zama kusa da ni ba, ni kuwa abin da na gani shi ne duhu ya fara shigowa ta gefe ɗaya, mijina ya fita ta ɗayan.

Auta ta sa mini manhajar da ke karanta rubutu da murya, wai in fara sabawa ko da Allah ya ƙaddara. Yarinyar ta yi ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka. Amma da ka ji yadda muryar nan take tauna Hausa, da ka yi dariyar da ka daɗe ba ka yi ba. Jiya ta karanta mini saƙon wata mai neman bokiti, na ɗauka zagina take yi. Ga shi Auta ta taɓa wani wuri, shafukana sun watse, na rasa inda na masu kai kaya ya shiga, na wuni ina lalube a ofishina kamar baƙuwa. Ban kira kowa ba. Mijina ne mai gyaran kwamfuta, ba zan kai tawa wani shago a yi da ni a unguwa ba.

Ina jin tsoro, abin ƙaunata. Ban faɗa wa Auta ba, ban faɗa wa Hajiya ba, kai nake faɗa wa. Ina tsoron fitilar ɗakin aikin, ina tsoron ranar da za a cire bandeji, ina tsoron irin zaman da Inna ta yi a bakin gado tana tambayar ko gari ya waye. An ce bayan aikin sai an riƙe ni an sauko da ni matakala, an sa ni a mota, an riƙa ɗiga mini magani a kan lokaci. Auta tana da hannu, amma ba hannunta na aura ba. Ka rufe shagon nan. Masu kwamfutoci su yi haƙuri, nasu yana da kayan gyara a kasuwa.

Ga alkawarina, ka riƙe shi: ko ido biyu suka dawo, ko ɗaya, ko babu, ba za ka taɓa jin maganar nan a bakina a matsayin gori ba, ko a ranar da muka yi faɗa mafi muni. Ni taka ce da gani, taka ce da lalube, kamar yadda saiwa take riƙe da ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

Yatsuna ne suka rubuta wannan, sun san hanyarsu a kan madannai, don haka in ka ga kuskure ka yafe, ban iya bin sa in gyara ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka rubuto amsa, ko da ka yi niyyar ƙara mata girma har ta cika fuskar kwamfutar. Ba ni da tabbacin zan iya karantawa. Ka taso ka kawo ta da bakinka, ina nan a teburin kusa da taga, kuma har yanzu ina iya gane tafiyarka tun daga bakin ƙofa.

Taka, muddin ana numfashi,
Matar Injiniya