Idon Baba na Hagu da Wasanmu na Ƙarshe

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Asabar. Kaina ya ɗau zafi, kuma maganar ba ta faɗuwa a filin wasa.

Ni kociya ce, shekara shida ke nan ina horar da 'yan mata ƙwallon kwando. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Yarana gajeru ne, ƙwallayenmu huɗu, ɗaya ma kullum sai an yi mata iska, amma ga mu bana a wasan ƙarshe. Masu baƙin ciki na cewa sa'a ce. Ba wata sa'a, littafi ne. Shekara uku ina rubuta halin kowane alƙalin wasa. Nakan zauna da bidiyon wasanni a waya ina ƙirgawa: sau nawa ya busa usur, a wane zango, a wane gefen fili, kan wace irin keta, wato laifin wasa.

Akwai wanda muke kira Mai Gaggawa, ko numfashi kika yi kusa da 'yar wasa sai ya busa. Ranar da shi ne alƙali, sai in ce wa yarana su kutsa ƙarƙashin kwando, a taɓa su, mu samu jifa. Akwai Malam Sanyi, shi kuwa sai an kusa karya yarinya yake tuna yana da usur, ranarsa daga nesa muke jifa. Ban taɓa jin kunyar wannan ba, kuma har gobe ba zan ji ba.

To, alƙalin ranar Asabar shi ne Baba. Ba mahaifina ba ne, malamina ne na wasanni a sakandare. Shi ya fara ɗora mini ƙwallo a hannu, shi ya taka har gidanmu sau uku kafin a bar ni in yi wasa. Rabin kociyoyinmu ɗalibansa ne, har da kociyar da za mu kara da ita, shi ya sa ba mai zarginsa da son kai. Tun da ya yi ritaya, usur ɗin nan ne kawai ke fito da shi daga gida.

Makon jiya na zauna na haɗa lissafinsa. A wasanni goma sha ɗaya na bana, idan yana tsaye ƙarƙashin kwando, ketar da ya kama a damansa sittin da biyu, a hagunsa tara. Shekara biyu baya kusan kunnen doki suke. Na ce ko ni ce na yi kuskure, na sake ƙirgawa, haka ɗin ne. Sai na tuna ranar da na zo ta hagunsa a bakin ƙofar fili, na tsaya daf da shi, bai san da ni ba sai da na gaishe shi ya zabura. Anti, idon Baba na hagu ne ke tafiya, kuma ɓoyewa yake yi.

Ga inda shaiɗan ya shigo. Abokan karawarmu suna da wata yarinya, Doguwa, ita ce ƙarfinsu, kuma ta gefen hagun Baba take shigowa. Idan na sa yara biyu su matse ta a can, a ɗan tura ta da kwankwaso, a ɗan ja riga, Baba ba zai gani ba. Alƙali na biyu kuwa ba ya busa abin da Baba bai busa ba. Na san kofin nan namu ne idan na yi haka, ba na ko shakka. Maigidana ya ce ai aikina ne, ba ni na lalata masa ido ba. Wata zuciyar ta ce in kai wa kwamitin gasar, amma sai su sauke shi a wulaƙance, a ce ɗalibarsa ce ta kai ƙararsa. Wata kuma ta ce in yi shiru kawai. Sau biyu muna faɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, na gaji da lallashin yara suna kuka. Ina son kofin nan, kuma ina son Baba. Ya zan yi?

Taki, Kociya Mai Littafi

Kociya, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da wanke littafinki: halal ne. Sanin wanda ke saurin busa da wanda ke jinkiri ilimi ne, kin sha wahala kafin ki same shi, kada wani ya sa ki ji kunyarsa. Son kofi ma ba laifi ba ne, yaranki sun cancanta.

Amma abin da kika gano game da Baba ba hali ba ne, lalura ce. Dabarar da kike tunani kuma ba karatun alƙali ba ce, koya wa yara keta ne a inda ba a gani. Doguwa 'yar wasu ce. Idan aka ture ta tana sama ta faɗo kan gwiwa, ke kika tsara. Maigidanki ya yi gaskiya cewa ba ke kika jawo ciwon ba, sai dai ya manta ke za ki ba da umarnin.

Shirun ma ba mafita ba ne. Abin da kika ƙirga wata ma za ta iya ƙirgawa, kuma yaranki ma suna bi ta hagun Baba.

Ki je gidansa gobe, ba ta waya ba, kuma ke kaɗai. Ki zauna ta damansa, ki buɗe masa shafin, ki bar shi ya karanta da kansa. Kada ki ce masa ga ciwon da ke damunsa, ke ba likita ba ce. Ki ce ga abin da kika gani, kuma kin zo raka shi asibitin ido. Ciwon ido da yawa ana shawo kansa idan an je da wuri, jinkiri ne ke ɓata shi. Ki roƙe shi ya janye daga wasan Asabar da bakinsa, da mutuncinsa. Idan ya ƙi, ki faɗa masa ido da ido cewa za ki sanar da kwamiti, kada ya ji a bakin wani.

Zai iya yin fushi, har ya daina amsa gaisuwarki na ɗan lokaci. Ki jure. Idan aka kawo sabon alƙali, ki buɗe shafinsa ki shirya yaranki yadda kika saba, ke da kanki kin ce kin iya aikinki, na kuma yarda.

Ɗalibansa sun cika fili suna kallon wasanninsa, ke kaɗai kika kalle shi da kyau har kika gane yana cikin damuwa. Kada ki bari idon ya ƙarasa tafiya alhali kin sani. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar ƙwanƙwasa ƙofarsa, ya kuma ba ku nasara mai tsabta ranar Asabar.

Antinku