Jana'izar Haƙori

Tsohon Birnin Gwari,
Maris, 1975.

Zuwa ga maigidana, Baban Solomon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na bariki, kuma ruwan Fatakwal ɗin nan da kake kuka da shi bai sa maka mura ba. Yaranmu Solomon da Martha suna gaishe ka, haka ma Mama mahaifiyarka. Mu nan lafiya, sai godiya.

Na ce lafiya ne don haka ake faɗa. Ciwon marar nan da na ambata maka a baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har na nemi izini a makarantar da nake koyarwa na tafi Kaduna, na sauka gidan yayata Helen, ta raka ni babban asibiti. Likita ya duba ni, ya sa aka gwada fitsari, ya ce babu ciki, wanda ni ma na sani, tunda rabonka da gida ya fi shekara. Abin da ya samu ƙari ne a gefen mahaifa, wurin da ƙwan mace ke fitowa. Ya ba ni ƙwayoyin hana haihuwa, irin waɗanda ni da kai muka yarda na sha bayan haihuwar Martha da ta kusa kai ni lahira. Ya ce wani ƙarin ruwa ne kawai, idan ƙwayoyin suka hutar da wurin yakan sace da kansa. In bai sace ba, sai tiyata.

Ya kuma taɓa maƙoƙon wuyana, ya ɗebi jini. Ya ce ƙwayoyin kan rikita awon jinin maƙoƙo, su nuna kamar abin ya yi tsanani alhali bai yi ba, don haka sai na daina sha zai sake awo. Ya ce ba su ke kawo maƙoƙo ba, wani abu ne da abincinmu da ruwanmu suka rasa. Ban yi masa musu ba. Rabin matan garinmu Gwaska da shi suke yawo, har da mahaifiyata da ba ta taɓa haɗiyar ko ƙwayar ciwon kai ba.

Ga dalilin wannan takarda. Mama ta shiga ɗakina neman ashana, ta je har ƙasan kwallar kayana, inda ban taɓa ajiye ashana ba, ta fito da ƙwayoyin. Ba ta tambaye ni ba. Gidan maƙwabta ta kai su a karanta mata. Kafin in taso daga makaranta, har masu tallan nono sun san matar soja tana shan maganin hana haihuwa, mijinta kuma yana Kudu.

Na fi so ka ji daga bakina kafin wani ya rigaye ni. Kai ka san ni. Ka rubuto wa Mama kalma biyu, magana ta mutu.

Ka gaida mutanen gidanku na bariki. Allah ya tsare mana kai.

Ni ce matarka,
Lydia.


Tsohon Birnin Gwari,
Mayu, 1975.

Baban Solomon,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yara lafiya. An yi ruwan shuka, Solomon ya taya Mama zuba dawa a gonar bayan gida. Takardarka ta iso, zan zo kanta.

Marata ta taso. Ba ta ɓoyuwa ko na ɗaura zani biyu. Garin nan kuwa ya samu abin yi. Dattawan ikilisiya sun kira ni, maza zalla, wasunsu jikokinsu na ajina, suka zaunar da ni suna tambayata yaushe rabona da ganin al'ada. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar bakin mutum kamar ranar ba. Na nuna musu katin asibiti, suka juya shi gaba da baya, suka sa ni a horo har sai abin da ke cikina ya bayyana. Ba na cin jibin Ubangiji, ba na tsayawa a waƙar zumuntar mata. Matan da na koya wa karatun Littafi Mai Tsarki yanzu sukan ja zaninsu idan na zauna a benci.

Mama ce ta tashi kare ni, kuma da ta bar ni da masu zagin ya fi mini sauƙi. Ta bi gida gida tana cewa surukarta ba mazinaciya ba ce, cikin ɗanta ne ya kwanta. Wai ka bar ni da shigar ciki lokacin hutunka na bara, ƙwayoyin Turawa suka sa yaron barci, kuma in aka tashe shi zai fito da kamanninka. Ta lissafa mata da yawa da cikinsu ya kwanta shekara biyu ko uku, Musulmi da Kirista, duk ta san sunayensu. Mutane suka karɓa hannu biyu, don labarin ya fi na ƙari daɗi. Yanzu har barka ake yi mini a rijiya.

Ta kwashe sauran ƙwayoyin ta zuba a salga a gabana. Ta ce waɗanda na riga na haɗiye ba su wuce ba, su ne suka taru a wuyana suka yi tudu. Na tuna mata da wannan wuyan kuka zo neman aurena, ita da kanta ta yaba shi ta ce wuyan mata masu albarka ne. Ta ce na da daban, na yanzu daban. Sai ga Maikuɗi wanzami da zabirarsa, zai tsaga mini wuya ya zuƙe ƙwayoyin da ƙaho. Askar da na gani hannunsa, ko akuya ba zan bari a taɓa da ita ba. Na kulle ɗaki har ya gaji ya tafi.

Jiƙon tashin ciki kam na sha, don a zauna lafiya. Ta aika can cikin dajin Kamuku aka sassaƙo itatuwa, aka haɗa da saiwoyi da wani abu mai yauƙi da ta ƙi gaya mini sunansa, aka jiƙa a tukunya har ya yi kumfa. Warinsa kamar fatar da aka manta a ruwa. Na yi amai har idanuna suka yi ja, ita kuwa tana shafa mini baya tana murna, wai yaro ne ya fara juyi.

To, takardarka. Na karanta ta sau da yawa ina neman layin da ka ce ka yarda da ni, ban same shi ba. Ka ce in yi haƙuri, in bi Mama, babu wanda ya san iyakar ikon Allah. Ka ce kada in yarda a sa mini wuƙa tukuna. Baban Solomon, kai da ka yi aikin ɗaukar masu rauni a yaƙi, ka ga cikin mutum a buɗe, kai ne kake rubuto mini haka? Ko dai kana ganin in ba ɗanka ne kwance ba, to na wani ne, shi ya sa ka zaɓi na kwancen? Ka faɗa mini a fili. Na gaji da zama tukunyar da kowa ke leƙawa.

Duk da haka ina yi maka addu'a kullum. Yara suna tambayar yaushe za ka zo.

Matarka,
Lydia.


Kaduna,
Yuni, 1975.

Maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya. Kada hannun rubutun ya tsorata ka, a kwance nake yin sa, a gadon asibiti.

Ina tsaye gaban allo ciwon ya murɗe ni, na faɗi a gaban yara. Hedimasta ya tare motar katako da ta fito daga daji, aka shimfiɗa ni a gaba kusa da direba. Kowane rami na hanyar Kaduna na san shi yanzu da marata. Mama ta biyo ni da ƙullin kayanta, tana faɗa wa duk wanda muka tsaya kusa da shi naƙuda ce. Yara suna wurin matar hedimasta.

Likita ya ce ƙarin bai sace ba, ƙaruwa ya yi, ba irin na ruwa ba ne, kuma ya fara murɗewa. Ya sake awon jinin maƙoƙo, don ba ya son a sa ni barci bai san halin da wuyana ke ciki ba. Awon ya fito daidai, tunda na daɗe ban sha ƙwayoyin ba. Ya ce dama zai sa in daina kafin tiyata. Ka ga salgar Mama ta yi wa asibiti aiki. Na yi dariya har ɗan ciwon ya tsananta. Maƙoƙon kuma ya ce magani zai ba ni, babu ruwansa da wuƙa.

Helen ta sa hannu a madadinka, jibi za a yi tiyatar. A nan idan an cire wa mutum abu, akan fito da shi a nuna wa danginsa. Na roƙi nas ta tabbatar Mama ce ta fara gani, da idonta, ta taɓa in tana so. Daga nan kowa ya kama bakinsa, dattawa su mayar mini da wurina, kai ma ka huta da tunani. Ban taɓa ɗokin wani abu kamar yadda nake ɗokin ganin wannan ƙazanta a cikin tasa ba.

In Allah ya sa ban tashi ba, ka riƙe Martha a makaranta. Ina ƙaunarka, ko da yake ina fushi da kai.

Taka,
Lydia.


Kaduna,
Yuli, 1975.

Baban Solomon,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya. Ni na tashi, an kwance ɗinki, ina gidan Helen, ina takawa a hankali har bakin ƙofa. Wuyana ma ya fara saki. Na gode wa Allah.

Na san Mama ta sa an rubuto maka nata, ga nawa. Ƙarin ya kai girman ƙaramar ƙwarya. Likita ya tsaga shi kafin a fito da shi. Helen ta ce da nas ta buɗe tasar sai da ta kau da kai: wani maiƙo ne rawaya kamar man shanun da ya lalace, da curin gashi a cakuɗe a ciki, da haƙori ɗaya. Haƙori sosai, irin na turmi. Likita ya fito da kansa ya yi bayani da Hausarsa mai kyau. Ya ce akwai irin wannan ƙarin, tun mace tana ƙarama yake tare da ita, yakan tsiro da gashi da haƙori, har a jikin budurwar da ba ta san namiji ba. Ya ce ba ɗa ba ne, bai taɓa zama ɗa ba, ba shi da kai, ba shi da zuciya, kuma ba ƙwayoyi suka kawo shi ba.

Mama ba ta ji ko ɗaya ba. Tana ganin gashin ta ɗora hannu a ka ta rusa kuka, har masu jinya suka fito daga ɗakuna. Ta ce ga jikanta, ya daɗe a kwance har ya yi haƙori, ƙwayoyi sun narkar da shi, wuƙa ta ƙarasa shi. Ta sa hannu cikin maiƙon nan ta tsamo haƙorin da gashin, ta ƙulle a bakin zaninta. Ina can ban farfaɗo ba, ba ta jira ta ga ko zan buɗe ido ba, ta nufi tasha.

Sauran labarin matar hedimasta ce ta kawo mini, da ta kawo yara su gan ni. An haƙa rami a bayan gidanmu, gindin ɗorawar nan ta bakin daji. An naɗe haƙorin a farin ƙyalle. Fasto ya ƙi zuwa, Allah ya saka masa, amma biyu daga cikin dattawan da suka sa ni a horo sun je sun yi addu'a. Matan zumunta sun yi waƙa, sun dafa abinci, an yi zaman makoki. Mutanen da ba wanda ya tako Kaduna ya duba ni, sun rufe shagunansu sun je gaisuwar haƙori. An tsayar da Solomon a bakin ramin aka ce ya yi bankwana da ƙaninsa. Yaron nan da ya zo, ya ƙi hawa cinyata. Ya tambaye ni ko da zafi lokacin da na kashe ƙanin nasa.

An janye maganar zina, in hakan zai faranta maka. Yanzu ni ba mazinaciya ba ce, uwa ce da ta kashe ɗanta. Horon yana nan.

Jiya takardarka ta zo. Na riƙe ta a ƙirji kafin in buɗe, kamar wata sabuwar amarya. Ka yi gaisuwa, ka ce Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ba ka tambayi ɗinkin ba, ba ka tambayi wuyan ba. Tambaya ɗaya ka yi, har ka ja mata layi a ƙasa: wai namiji ne ko mace.



Ga amsarka. Ba namiji ba ne, ba mace ba ce. Maiƙo ne da gashi da haƙori, kuma ya samu likkafani da waƙa da hawayen mahaifiyarka da ta'aziyyarka. Ni da aka yanka ban samu ko sannu ba.

Yara suna nan wurina, ba zan mayar da su gidan da ake nuna musu wannan ramin ba. Helen ta yi mini maganar aikin koyarwa a wata makaranta a nan unguwarsu. Idan ka sami hutu, motar da ta ɗauko ka daga Kudu a Kaduna za ta fara tsayawa kafin ta Birnin Gwari ta yi lodi. Ka san gidan Helen, ka kuma san gindin ɗorawa. Inda ka fara zuwa gaisuwa, zan ji.

Allah ya kiyaye hanya.

Ni ce,
Lydia, uwar Solomon da Martha, su biyu.